Tafin Lahadi a Gidan Don Celestino

Don Celestino Bertolotti shekararsa saba'in da ɗaya, tsohon direban bas ne a birnin Rosario, kuma tun watan Yuni bai yi magana da 'yarsa ba.

Yana zaune a unguwar Ludueña da matarsa, Doña Nélida, a gidan da suka saya tun yana sabon direba. A bayan gidan akwai bishiyar lemun tsami da murhun gasa nama da ya gina da hannunsa, da bulon da ya rage a ginin wani maƙwabci. Murhun ya ɗan karkace. Shi ya ce da gangan ya yi, don kitse ya riƙa gangarewa.

Tun kafin a haifi Silvina, 'yarsu tilo, shi ke gashin Lahadi. Ba ya hura wuta da kananzir, sai takarda da ƙirare. Ba ya sa wa nama komai sai gishiri, kuma ba wanda ke taɓa masa dogon cokalinsa mai yatsu, ko da ya zagaya bayi. Idan an zauna an kai loma ta farko, wani zai ɗaga murya ya ce, "A tafa wa mai gasa nama!" kamar yadda ake yi a kowane gida, sai a tafa. Shi kuwa ko juyowa ba ya yi. Ya ɗaga cokalin sama ya ce, "Ku ci kafin ya huce, 'yan surutu." Doña Nélida ta ce tun daga Litinin yake jiran tafin nan.

Ana saura 'yan kwanaki Ranar Uba, Silvina ta kira shi a waya.

"Baba, bana ba za ka tsaya cikin hayaƙi ba. Fita za mu yi da kai."

"Ranar Uba, uba ke gashi."

"Fabricio ya riga ya kama mana wuri."

"Sanƙo ne ya zaɓi wurin? To, mun shiga uku."

Fabricio shi ne mijin Silvina, dillalin inshorar motoci. Don Celestino ya fara kiransa Sanƙo tun gashin kansa bai gama zubewa ba, kuma Fabricio bai taɓa nuna ya ji haushi ba.

Ranar Lahadin Don Celestino ya sa kwat ɗinsa ta zuwa biki da jana'iza. Ya zaci gidan abinci za su je irin wanda ya sani, mai farin mayafi a kan tebur da dattijon ma'aikaci da ke ce maka "ranka ya daɗe". Sai suka tsaya a unguwar Pichincha, a ƙofar wani tsohon garejin gyaran mota da aka mayar gidan boga, wato nama a tsakiyar burodi. Layi har kan titi, cikin sanyi. A ciki kiɗa na tashi kamar za a tsaga rufi, kujerun kuwa dogaye ne marasa majingina. Sai da Fabricio ya riƙe masa hannu ya hau, ƙafafunsa suna lilo.

"Don Cele, duba allon can ka zaɓa," in ji Fabricio. "Akwai mai albasa da zuma, akwai mai shuɗin cuku."

Don Celestino ya ɗaga kai wajen allon, ya runtse ido, ya kawar da kai.

"Zaɓo min kowanne. Duk niƙaƙƙen nama ne. Saniya ta ƙare rayuwarta tana cin ciyawa mai kyau, a ƙarshe a niƙe ta kamar abincin marar haƙori."

"Tsoho, ka yi shiru mana, mutane na ji," in ji Doña Nélida.

"Wa ke ji? Ni kaina ba na jin kaina."

Silvina ta je gaban kanta ta yi oda, ta ba da sunansa don ranarsa ce. Can sai aka ji lasifika ta ce, "Celestino! Celestino, naka ya fito!"

Ya dafe tebur. "Tun da mahaifiyata ta rasu ba wanda ya kira ni haka gatsau. Wace ce wannan? Tare muka yi makaranta?"

Abincin ya zo a kan katako, ba faranti. Burodin baƙi ne, an soka masa wuƙa ta sama don kada ginin ya rushe, an haɗo wa kowa da baƙar safar hannu ta roba. Don Celestino ya ture tasa. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofinsa, ya kama iska, sai a karo na biyu ya same shi. Silvina da mahaifiyarta suka dubi juna.

Ya gutsira ɗaya, miya ta gangaro masa har hannun kwat. Ya ajiye.

Sauran kuwa ci suke yi ba sassauci. Abin da ya fi tsaya masa ke nan har yau. Doña Nélida, wadda a gida take tsakurar nama ta ce cikinta ne ba ya so, ta riƙe nata da hannu biyu. Silvina ta cinye nata tana lasar yatsu ta cikin roba. Fabricio ya lumshe ido yana tauna, yana kaɗa kai.

Ana haka mai dafa abincin ya fito daga kicin, wani mai dogon gemu da zane har wuya. Fabricio, bakinsa cike, ya ɗaga hannu ya yi ihu:

"A tafa wa mai gasa nama!"

Teburinsu ya tafa. Na kusa da su suka kama, sai duk garejin ya ɗauka, har da fito. Mai gemun ya dafa ƙirji ya rusuna.

Don Celestino ya ce ba tafin baƙi ne ya ƙona shi ba. Na matarsa ne da na 'yarsa. Ya saba da sautin tafinsu, kuma wanda suka yi ranar daban ne: ya fi ƙarfi, ya fi daɗewa, kuma ba wanda ya kalli wani kafin ya fara.

Ya zamo daga kujerar da kansa, ya kusa faɗuwa.

"Sanƙo, wa ka ce a tafa wa?"

"Haba Don Cele, wasa ne fa."

"Wasa? Mutum ya danna ƙwallon nama a kan faranti mai zafi, ko wuta bai gani ba, ko garwashi ɗaya bai ja ba, ka ce mai gasa nama? A ranata? A gabana? Kai da ka shigo gidana ba ka san haƙarƙari daga wutsiya ba!"

"Baba, zauna don Allah."

"Ke ma na gan ki. Har da safar hannu kike tafi, kamar mai wankin gawa."

Wata ma'aikaciya ta matso ta tambaya, cikin ladabi, ko sun gama, don akwai masu jiran teburin. Wannan ta ƙarasa shi. A gidansa ana tashi daga tebur ne idan rana ta sauka daga kan bishiyar lemo. Ya ɗauki hularsa ya fita, suka biyo shi da gudu.

A bakin titi, gaban mutanen da ke layi, ya juyo.

"Ku gaya min abin da na yi muku. Wace Lahadi na bar ku da yunwa?"

Silvina ta dubi takalminta. Doña Nélida ce ta cire safar hannunta a hankali, ta cusa a jaka.

"Tunda ka tambaya a titi, a titi za ka ji. Tun bara namanka ba ya ciwuwa, tsoho. Gefe ɗaya gawayi, gefe ɗaya jini. Ba ka gani. Likita ya ce maka yanar ido gare ka, ka ce likita ɗan kasuwa ne. Ka duba karen maƙwabciyarmu Doña Irma yadda ya yi ƙiba. Ta kan katanga nake jefa masa."

"Ƙarya kike yi."

"Tambayi Sanƙo. A aljihu yake fita da nasa, cikin takarda."

Fabricio ya shafa kansa. "Sau ɗaya ne... ko dai sau 'yan kaɗan."

Wani bas na layin da Don Celestino ya yi aiki ya wuce, bai ko kalle shi ba.

"Kuma kuna tafawa."

"Baba, ba mu so ranka ya ɓaci ne."

"Kuna tafawa! Shekara guda ina tsaye cikin hayaƙi ina ɗaga cokali kamar wawa, kuna tafa min kamar yaro ya yi rawa a makaranta, kare yana cin haƙarƙarina! Da bakinku ya yi ciwo ne? Wani ya ce, 'Celestino, ka ƙona.' Shi ke nan. Na yi zagi, na huce. Amma ku haɗa kai da matata, ku kawo ni gareji ku nuna min yadda kuke tafi idan da gaske kuke!"

Ya ƙi shiga motar Fabricio. Ya tsaya a tasha, kuma da yake ba ya iya karanta lambar bas daga nesa, duk wanda ya taho sai ya tsayar da shi ya tambayi direba.

Daga ranar murhun ya mutu. Ya rufe shi da kwanon rufi, ya ɗora bulo. Ranar Lahadi Doña Nélida takan dafa taliya, su ci su biyu, rediyo na magana. Idan Silvina ta kira, sai ya miƙa wa matarsa wayar ya fita tsakar gida. Fabricio ya aiko masa da sabuwar wuƙa a kwali, ya mayar masa ba tare da ya buɗe ba. Doña Irma, maƙwabciyar, ta yi masa sallama ta kan katanga, ya ce ta gaida karenta, ta gaya masa an rufe gidan abinci.

Da matarsa yana magana, amma sama-sama. Ta ce ba ta yi nadamar faɗa masa ba, nadamarta ita ce daɗewar da ta yi ba ta faɗa ba. Shi ya ce duka biyun laifi ne.

A watan Agusta ya je asibitin ido shi kaɗai, a bas, bai gaya wa kowa ba sai da aka sa rana. An yi masa aikin idon dama. Silvina da Fabricio sun je da mota sun jira a ƙofa. Ya fito da bandeji, ya wuce su, ya hau tasi da matarsa. Da aka cire bandejin, abin da ya fara zuwa dubawa murhun ne. Ya ɗaga kwanon, ya ga baƙin kitsen da ya daskare a kan ƙarafan, kauri kamar kwalta, ya tsaya yana kallo. Doña Nélida ta ce ranar bai ci abincin rana ba. Ya wuni yana kankara da burushin ƙarfe yana zagi, ita dai ba ta san ko wa yake zagi ba.

Ya ce ba don su ya yi aikin idon ba. "Don in riƙa ganin hannun kowa ne, da aljihun kowa."

Jiya Juma'a da safe ya je wajen mahaucinsa. Ya sa an sauko masa da haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, yana rufe idon hagu yana dubawa da na dama, yana cewa a mayar, har mahaucin ya tambaye shi ko saniyar zai aura. Ya zaɓi wanda ya isa mutum huɗu. Da ya dawo gida ya ajiye shi a kan tebur gaban matarsa.

"Kira 'yarki. Ki ce Lahadi. Ki ce ta gaya wa Sanƙo ya zo da wando marar aljihu. Kuma duk wanda ya tafa min kafin in ga ƙashi fari a farantinsa, ya tashi ya koma gareji."

"Ga wayar nan, ka gaya mata da kanka mana."

Bai karɓa ba. Ya ɗauki gatari ya fita faskare.