Man shanun surukata

Ina zaune a kan benci a wani asibiti a Kaduna likita ta kira ni ciki, ta ce sun gano abin da ke damuna. Wata gaɓa ce a bayan tumbi, wadda suke kira fankiriyas, ita ke taimaka wa jiki ya narkar da mai. Tawa ta daɗe da kumburi, ba za ta koma kamar da ba. Ta ce zan iya rayuwa da ita idan na sha ƙwayar da ta rubuta tare da kowane abinci, na kuma rabu da maiƙo: babu suya, babu kitse, babu man shanu. A lokacin watanni bakwai ke nan da rasuwar maigidana. Ya tafi gona a bakin dajin Kutemeshi, gawarsa aka dawo mana da ita. Ni da 'ya'yana mata biyu da mahaifiyarsa muka dawo cikin garin Birnin Gwari, muka kama ɗakuna biyu.

Inna, surukata, ba mai yawan magana ba ce. Tun da ɗanta ya rasu, sonta gare ni ya koma cikin kwano. Duk ranar kasuwa takan sayo man shanu wajen wata Bafulatana, ta soya shi da albasa, ta kwarara mini a kan tuwo, ta zauna tana kallo har in sauke hannu. Takan ce na rame kamar kara, kar mutane su ce da ɗanta ya tafi ta bar ni da yunwa. A wajenmu mace ba ta musu da uwar miji, ko ido ba ta haɗawa da ita, balle ta ture mata kwano. Da na dawo daga Kaduna na ce mata gyambon ciki ne kawai. Kuskurena ke nan. Na ci gaba da ci, in faki ido in shiga ɗaki in duƙa, ciwo yana tsaga ni daga ciki har gadon baya.

Wata rana da hantsi, bayan na ci ɗumamen da ya sha mai, na faɗi a tsakar gida ina amai. Kwana tara na yi a gadon asibiti, ruwa kaɗai ake ƙara mini. Ma'aikaciyar jinyar da ke duba ni Bagwariya ce mai baki. Da ta ji labarin ta ce wannan kunyar tawa in ta kai ni kabari, wa zai riƙe yaran, ko man shanun ne? Na yi dariya duk da zafin da nake ji, daga baya na yi kuka.

Ranar da aka sallame ni na durƙusa a gaban Inna, na faɗa mata komai, kaina a ƙasa.  Sai ta tambaye ni ko nufina da hannunta take kashe ni. Na ce a'a Inna, ni na ɓoye miki. Ta ce 'yar nan, ɗaya ta binne, ba za ta binne biyu ba, in tashi in nemi tukunyata. Washegari ita da kanta ta sayo mini ƙaramar tukunyar ƙasa.

Haka na koyi girki daga farko. Miyar kuka da daddawa da busasshen kifi, ko ɗigon mai babu. Kaza sai na saɓule fatar kafin in dafa. Ɗanwake da yaji da tumatir. Nono sai tsala, wanda aka riga aka cire wa mai. Na bar kunun gyaɗa na koma na tsamiya, ina ci kaɗan-kaɗan sau biyar a yini. A gidan suna ko biki, idan aka turo mini masa, Inna ke riga ni magana, ta ce a ɗauke, likita ta hana, mai jin haushi ya zo ya same ta. Yau shekara biyu ban sake kwanciya asibiti ba. Na yi kumari, ina ɗinkina, da ƙafata nake zuwa ganin likita. Alhamdulillahi.

'Yan'uwa, abin da na koya shi ne kunya tana da kyau, amma ba a ɓoye wa na gida maganar likita. Wanda yake son ka zai ji zafi na kwana biyu, sannan ya taya ka. Ku faɗa tun ranar farko, kada ku jira sai kun faɗi kamar ni. Inna ta tsaya mini a ko'ina, sai dai ta ce miya babu mai ruwan wanke kwano ce. Kullum nakan zuba mata kaɗan in ajiye a gefenta. Har yau ba ta ɗanɗana ba.