Ƙashi a Wuyan 'Yar Fari

Abin da na fara gani da na isa elementaren Safana shi ne wata 'yar Fulani tana miƙa hannu ta bisa kanta don ta taɓa kunne. Haka ake gwada yara a lokacin: wanda hannunsa ya kai, ya isa shiga aji ɗaya. Nata bai kai ba, duk da ta karkata kai don ta yi wayo.

Daga makarantar horon malamai aka turo ni gwajin koyarwa. Akwatina cike yake da ƙananan littattafan soyayya na Turanci da nake saye wurin 'yan Kudu a kasuwar Katsina. A cikinsu malami yakan ɗaura taye a wuya, ya buɗe baki, 'yan mata su sunkuyar da kai. Da niyyar zama wannan malamin na zo.

Hedimasta ya nuna mini gindin tsamiya. "Malam ƙarami, ga ajinka. Hakimi ya ce a riƙe waɗanda hannunsu bai kai ba, kada iyayensu su ɓoye su kafin baɗi. Hana su kuka kawai."

"Ranka ya daɗe, Turanci fa na karanta."

"To, yi wa tsamiya, ba ta gardama."

Sati biyu ina fushi, ina karanta littattafaina, su kuma suna wasan ƙasa. Wata rana na ji 'yar Fulanin nan tana maimaita abin da na karanta a fili, daidai, har da lanƙwasa murya irin tawa. Nan take na hango a raina Baturen makaranta ya sauko daga doki yana miƙa mini hannu, labarina ya kai Batsari, har wata da nake so a unguwarmu ta ji.

Sai na kafa doka: babu Hausa, babu Fillanci a gindin tsamiyata. Na roƙi mahauci ƙashin saniya, na ɗaura masa igiya. Duk wanda ya karya doka, a wuyansa zai yini. Yaran da ba su san kalma goma ta Turanci ba, me za su ce? Suka yi tsit. Ni kuwa na ɗauka ladabi ne.

Ran kasuwa yarinyar ta ce da ni da Hausa tana jin ƙishirwa. Na rataya mata ƙashin. Ita na fi so, shi ya sa na fi tsananta mata.

Uwarta takan bi ta nan da ƙwaryar nono. Yarinyar 'yar fari ce, don haka uwar ba ta kiran sunanta, ba ta ko kallonta a gaban mutane. Ran nan ta kalla. Ta sauke ƙwarya a tsakiyar hanya, ta kira sunan 'yarta da ƙarfi, a gaban matan da suke tafe tare. Matan suka rufe baki. Yarinyar ta dube ni, ta ƙi amsawa.

Uwar ta tako ta cire igiyar, ta ajiye mini ƙashin a kan littafina.

"Malam, ko kare ba a rataya masa wannan. Ka sa na yi abin da uwata ba ta taɓa yi ba."

Ta goya ta, babba da ita, suka tafi. Hakimi ya aika dogari rugarsu, ya tarar sun tashi.

Washegari na zauna a ƙasa cikin sauran yaran, na ce su ba ni labari da Hausa. Sai da aka kwana uku kafin wani ya yarda ya buɗe baki. Daga nan kalma ɗaya nake ba su a yini, a cikin wasa, wanda ya manta mu yi dariya tare. Har na bar aiki ban ƙara koyar da ƙanana ta wata hanya ba.

Bayan shekaru masu yawa na gamu da ita a kasuwar Batsari, tana sayar da man shanu. Ita ta gane ni. Ta durƙusa ta gaishe ni, har ta tambayi iyali. Ta ce suna zaune wajen garin Zakka, 'ya'yanta bakwai. Na tambaye ta nawa ne a makaranta.

"Ko ɗaya, Malam," ta ce, ta juya ga mai ciniki.