Ta'aziyyar Hashim Wanzami

Duk Garwa babu mai surutun Hashim wanzami. A gindin darbejiyarsa ta bakin kasuwa, kafin ya gama maka saisaye ka ji wanda ya sayi babur da wanda dorina ta kora a kogin Binuwai.

Da ya cika hamsin sai wani tunani ya faɗo masa: babban mutum shi ne wanda ya ka da kansa. Nan take ya ɗaura ɗamarar kokawa da Hashim. Hashim na son shayi, ya hana shi. Hashim na son inuwa, ya ja kujerar aski tsakiyar rana, a zafin Garwa da ko ƙadangare ke neman mafaka. Daga ƙarshe ya kai ga babban abokin gaba, wato harshensa, ya kulle baki gam.

Matarsa Hidaya ta fara da hamdala, ta ƙare da hira da akuya. Masu zuwa aski suka watse, ashe ba askar ce ke kawo su ba. Gogan naka ko a jikinsa.

Wata Juma'a sai ga Goni Wada, tsohon makahon da ya daɗe yana aski a wurinsa, yana lalube da sanda. Ya zauna, ya cire hula.

"Jam na, yaro?" ya gaishe shi da Fillanci. "Lafiya dai? Kai ka gaji askar marigayi? Tun da na daina jin muryarsa na san ta faru. Allah ya jiƙan Hashim."

Hashim ya cije leɓe, ya fara aski.

"Babban mutum ne," in ji Goni, hawaye na bin gemunsa. "Da bakinsa nake ganin garin nan. Tun da ya tafi, Garwa ta yi mini duhu."

Askar ta tsaya. Kunya da tausayi suka rufe Hashim. Ga girman da yake nema an ba shi, amma a ta'aziyya. In ya yi shiru ya ci kokawa, tsoho kuwa ya koma gida cikin duhunsa.

"Baba Goni," ya ce da dasasshiyar murya, "ka ji dorina ta sake korar André mai kwalekwale?"

Da jin muryar, Goni ya gyara zama. "To, marigayi, ba ni labari."

Sai da aka kira la'asar tsohon ya tashi yana dariya, rabin kansa ba a aske ba.