Ƙasar da ke Takalmin Baba

Ni ce na zubar da ƙasar. Gara in faɗa tun yanzu, don na daɗe ina ɗora wa wasu laifin, daga likitoci har sanyin New York.

Ciwon ƙoda ne ya sa na ɗauko Baba daga ƙauye. Lokacin ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ina zaune a hawa na huɗu a unguwar Harlem. Ranar da ya sauka, ina kwance masa jaka sai na ga ƙulli biyu a cikin hularsa. Ɗaya irin gawo ne, na gawon da ke tsakiyar gonarsa, wanda iska ta kayar a daminar da ta wuce. Ɗayan kuma ƙasar gindin gawon ce, cike da hannu biyu. Wai ya ɗebo ta ne don taimama idan jiki ya hana shi alwala.

Na hau shi da faɗa. Na ce da an kama shi da ƙasa a filin jirgi da ni da shi mun shiga uku, kuma mara lafiya bai kamata ya riƙa shafa datti a fuska ba. Datti na ce, Allah ya yafe mini. Na juye ta a shara, na sayo masa dutse mai santsi a shagon wani mutumin Nijar a titin 116.

Sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda. Sauran kwanakin yana bakin taga. Ya bi irin ɗaya bayan ɗaya yana ɗan yanke bakinsa da abin yankan farce, ya ce a gida cikin akuya ne ke yin wannan aikin. Muka shuka a gwangwanayen tumatir da ƙasar buhu da na sayo, guda bakwai suka fito. Baba ya dawo mutum. Yana cin tuwo yana yi musu magana, yana cewa in ya warke zai koma da su. Na san ba zai warke ba, amma tunda yana cin abinci na bar shi da zancensa.

Bayan wata biyu ganyen ya fara yin rawaya. Duk ganyen da ya faɗi, Baba ya rage loma. Likita ta ce mini in bai ci ba wankin zai kayar da shi. Hankalina ya tashi, na je na sayo takin zamani, wani shuɗin gari da ake jiƙawa. An rubuta cokali ɗaya, na zuba uku. Ni da na tashi ina jin manoma suna kukan rashin taki, ban taɓa jin wanda taki ya yi wa yawa ba.

Baba ya ce, “Gawo ba ya cin taki, 'yar nan. Shi ke bayarwa.”

Na ce, “Baba, nan ba gona ba ce, ka bar ni in yi abin da na sani.”

Cikin mako guda huɗu suka bushe. Na ce yunwa ce, na ƙara. Biyu suka bi su. Baba ya daina cin komai sai ruwan shayi.

A hawa na biyu akwai wata yarinya 'yar kudancin Kaduna da ke karatun ƙasar noma a jami'a. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar Lahadi ta dawo daga coci na tare ta a matakala, na kusa janyo ta da hannu. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta tuge matacce ɗaya, ta wanke saiwar a famfo.

Ta ce, “Anti, kin ƙone su. Kuma dubi, saiwar sumul take.”

Ta tambayi Baba ko ya san ƙurajen nan da ke saiwar gyaɗa. Ya ce tun yana yaro. Ta ce gawo ma yana yin su, kuma gidan wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani. Su ke kamo naitirojin daga iska su ba bishiyar, abincin da nake ta nema mata a taki. A ƙasar gida suke zaune, ita kuwa ƙasar buhu ba ta da irinsu. In kuma taki ya yi yawa, ko suna nan bishiyar ba ta ba su masauki. Ta ce ana sayar da irin ƙwayoyin da ke zama a saiwar wake, amma ba ta da tabbacin gawo zai karɓa. Da dai za a samu ko cokali ɗaya na ƙasar gindin gawo.

Baba bai dube ni ba. Tagar ya kalla, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na zama kamar mahaukaciya. Na bi shagunan titin 116 ina tambayar wanda ya zo daga gida kwanan nan da ƙasa. Na gangara titin Canal wurin masu sayar da jakunkuna. Wata mata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Hajiya, wa za a yi wa asiri?” Saura kaɗan in mare ta. Na kira ƙanena da ke gida a waya, ya ce ba wanda zai yarda ya ɗauko.

Ranar da Baba ya kasa tashi daga kujera sai da na ɗaga shi, na durƙusa neman silifas ɗinsa a ƙarƙashin gado. Hannuna ya taɓa wata leda. Takalmin roba ne da ya zo da shi, wanda na cusa a can ban wanke ba, don na saya masa na sanyi. A tsagin ƙasansa akwai busasshen laka.

Na zauna a daɓen ɗaki da tsinken sakace ina kankarewa a kan farar takarda. Bai kai rabin cokali ba. Yarinyar ta wanke saiwar guda ɗayan da ya rage, ta sa shi a sabuwar ƙasa, ta ce ba ta yi mana alkawari ba. Baba ya buɗe tafinsa, na juye masa. Ya daɗe yana shinshinawa. Na zaci taimama zai yi da ita, kuma da ya yi ba ni da bakin magana. Sai ya tona gefen saiwar da yatsa ya zuba, ya shafa ƙurar da ta rage a fuskarsa. Ranar ya ci tuwo loma huɗu.

Sati uku bayan nan ya rasu, ganyen yana nan rawaya. Aka binne shi a wata maƙabarta da ke tsallaken kogi daga New York.

Bayan an yi arba'in wani sabon ganye ya fito, kore shar. Yarinyar ta zo ta ɗaga shukar a hankali, ta nuna mini ƙuraje biyar a saiwar, kowanne kamar ƙwayar gero. Murna take ta yi. Na tambaye ta, ƙasa cike da hannu biyu gwangwani nawa za ta isa.

Ta ce, “Ai da ta ishi bakwai ɗin duka, Anti, har ta yi saura.”