Kwamfutar Gwaji da Layin Konni

Ni mai gyaran rediyo ne a da. Da rediyo ya daina zuwa, sai na koma cajin waya a shagona da ke Illela, bakin hanyar Konni, na sa sola a rufi. Saboda solar nan ce ɗiyata ta kawo wata kwamfuta ta ajiye mini a kan kantar shagon.

Ita a Sakkwato take aure, tana rubuta manhaja wa wani ƙaramin kamfani, manhajar da 'yan albasa ke bin sawun motocinsu da ita. Yadda ta yi mini bayani, duk sa'ad da ta tura sabon aiki, kwamfutar shagona za ta ɗauko kayan haɗi daga rumbun kamfanin ta intanet, ta harhaɗa manhajar, ta gwada ta da kanta. In komai lafiya, allo ya nuna kore. In an sami matsala, ja. Nawa aikin kawai kada wuta ta yanke, kada intanet ya yanke.

Sai ja ya fara fitowa. Ba kullum ba. A kwamfutarta ta gida aikin yana haɗuwa sumul, a tawa ya tsaya. Mai kamfanin ya ce aikinta ne ba shi da kyau, ya kuma gaya mata ƙarara cewa in ba ta gano bakin zaren ba kafin a saki manhajar, zai nemi wani.

Haka muka shiga wahala. Ta kira ni, in sa tabarau, in karanto mata Turancin da ke allo harafi-harafi, don karatuna bai wuce firamare ba.

"Baba, mi ya rubuta bayan wannan?"

"Wata kalma ce mai tsawo kamar igiyar guga."

"Karanta dai, Baba."

"Ke da kika yi jami'a kin kasa, sai ni mai cajin waya?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Mun duba agogon kwamfutar, daidai yake. Ta ce ko zafi ne, na kunna mata fanka ni ina gumi. Ta sa na goge komai muka sake zubawa, yini guda ina danna abin da ban sani ba, masu caji suna tsaye suna tsaki. Kore ya fito, muka yi hamdala. Ranar kasuwa ja ya dawo.

Kullum sai ta tambaye ni intanet, ni kuwa in duba ɗan akwatin da ke ba kwamfutar intanet in ce mata sandunan sabis cike suke. Gaskiya nake faɗi. A Illela kowa layi biyu gare shi. Ranar kasuwa, in jama'a suka cika gari, layinmu na Nijeriya sai ya shaƙe, kowa ya juya zuwa na Nijar, wanda ke shigowa garau daga Konni. Ni ma haka nake yi wa akwatin: in zare wannan sim, in sa wancan, da yamma in mayar. Ban taɓa ɗaukar sa abin faɗa ba, kamar yadda mutum ba ya ba da labarin ya sauya takalmi.

Wata ranar kasuwa ta sa na buɗe wani shafi da ke nuna inda kwamfuta take.

"Mi ya ce?"

"Ya ce Nijar."



"Baba, wane sim ke cikin akwatin?"

Na gaya mata, har da ɗan alfahari. Ta ja numfashi, ta ce rumbun kamfanin ba ya buɗe wa kowa ƙofa daga wata ƙasa. In na sa layin Konni, kwamfutar sai ta zama baƙuwa, a hana ta kayan haɗi, aikin ya rushe tun kafin a kai ga gwaji. Makonni tana tone aikinta tana neman laifin da babu shi.

Na ce ta ba ni mai kamfanin in yi masa bayani da bakina. Ta ce a'a, ita za ta yi. Bai kore ta ba. Amma ya ce gwaji ba zai sake zama a shagon caji ba, kuma sakin manhajar ya ba wani abokin aikinta, ita aka mayar da ita gyaran ƙananan kurakurai.

Da ta kira ta gaya mini, muryarta a dushe take. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Bari, Baba. Barci nake ji. Ka gaida Inna."