Onarabul a Motar Rawayya

Labbo yana zaune a tashar mota ta Gusau yana jiran motar Rawayya ta cika, sai idonsa ya faɗa kan wani dattijo. Dogo ne, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Shaddar ta koɗe, aikin gabanta ya fara warwarewa, amma karin hularsa na nan tsaf.

Labbo ya ƙura masa ido. Bai taɓa yin magana da mutumin ba, amma ya san wannan fuskar. Ita ce a da take manne a kowane bango daga Tsafe har Bungudu, lokacin da dattijon yake ɗan majalisa, jiniya na buɗe masa hanya.

Ga shi yanzu tsaye a ƙofar mota, hannuwa a baya, yana jira a buɗe masa. Babu wanda ya ko dube shi.

"Baba, in ba ka shiga, kauce muna!" in ji ɗan kamasho.

Dattijon ya waiga dama da hagu, kamar mai neman yaransa. Ina suka shiga? Zaɓe ya faɗi, ko ciwo ne ya cinye gidajensa? Labbo bai sani ba. Ya dai tashi ya ja ƙofar.

Dattijon ya tattara rigarsa, ya matsu kusa da buhun albasa, sannan ya ɗaga wa Labbo hannu cikin ƙasaita.

"Allah shi yi albarka, ɗana. Ka iske ni ofis."