Ranar da Aka Ga Wani Abu a Bakina

Wata Talata ce da hantsi, bayan an gama yankan gero, shekarar da na shiga koleji, wato ƙaramar sakandare, a Dungas. Mushe Isufu, malaminmu na ilimin halittu, ya shigo aji rungume da wani akwatin katako. Yana buɗewa na gane abin: madubin nan ne da ake leƙawa a ga abin da ido ba ya iya gani. Irin wannan madubin na gani a gidan likita shekara biyu kafin nan, ranar da muka kai Innata a amalanken jaki daga ƙauyenmu na wajen Dogo-Dogo. An soki yatsarta, an shafa jinin a ɗan gilashi, an leƙa, aka ce an ga wani abu. Ba ta cika sati biyu ba ta rasu. A wajenmu kuwa kowa ya san ƙa'idar wannan madubi: mai lafiya in an duba shi, cewa ake yi "ba a ga komai ba."

Mushe ya ajiye shi bakin taga, ya juya ƙaramin madubin ƙasa har ya kamo hasken rana. Gajarta ta sa kullum ina bencin gaba, ita ce kuma ta ja mini, don ni ya nuna. Ya ba ni tsinke mai tsabta, ya ce in kankaro cikin kumatuna. Ya shafa a gilashi, ya ɗiga wani ruwa shuɗi kamar bular wanki, ya leƙa, ya yi murmushi, sannan ya ce in duba. Na duba. Wasu abubuwa ne fale-fale, a warwatse, kowanne da ɗigo mai duhu a tsakiyarsa. Na ƙirga sha ɗaya, hawaye suka rufe mini ido. 'Yan aji suka yi ta turereniya suna leƙawa suna cewa, "Kai, Rabi, bakinki cike yake da abubuwa!" Mushe ya hau zane a allo yana bayani, amma Faransancina a lokacin bai wuce gaisuwa da neman izinin fita ba, kuma kunnuwana sun toshe. Abu ɗaya na ɗauko na kai gida: an duba ni, an gani.

A lokacin muna zaune wajen Iya, mahaifiyar babanmu, ni da ƙanwata Hadiza mai shekara uku. Na ji tsoron mutuwa, ba na musu, amma tsoron da ya fi cin raina na Hadiza ne. Tun rasuwar Inna ni ce nake tauna mata ƙuli-ƙuli in sa mata a baki, da ludayi ɗaya muke shan fura, in tuwo ya yi zafi ni nake hura mata. Duk abin da ke bakina, na tabbata, yana hanyar zuwa nata. Sai na ware ludayina na soke shi a danga. Na daina cin tuwo kwano ɗaya da su, in ce na ƙoshi. In na tofar da yawu sai in rufe da ƙasa kada kaji su tsattsaga. Ina surfe, ina ɓarar gyaɗa, ina ɗebo ruwa, amma 'yar carafke da gaɗa duk na bar wa 'yan unguwa. A rana ta tara na shigo na tarar Hadiza ta ɗauki ragowar furata za ta kai baki. Ban san lokacin da na kwaɗa mata mari ba. Ƙwaryar ta kife, yarinyar ta kasa ma yin kuka, ta tsaya tana kallona.

Iya ta ritsa ni bayan rumbu, na fashe da kuka na faɗa mata komai. Ta goya Hadiza, ta damƙi wuyan hannuna, sai lakwal, makarantarmu. Tana tafe tana salati ƙasa-ƙasa, a nan na gane ita ma tsoron ya kama ta.

Mushe Isufu ya saurare mu bai yi dariya ba, kuma har gobe ina gode masa. Ranar na fara jin Hausa a bakinsa. Ya ce waɗannan ƙwayoyin halitta ne, da su Allah ya gina jikin mutum da na akuya da na gero. Kowace kamar gida take: fatar da ta kewaye ta ita ce danga, tana bari abinci ya shiga, datti ya fita, ruwan ciki shi ne tsakar gida inda ake aikace-aikace, ɗigon nan mai duhu kuwa ɗakin mai gida ne, daga nan umarni yake fitowa. Ya kankari bakinsa ya nuna mana. Sannan ya miƙa wa Iya sabon tsinke, ta kankaro nata, ya sa mata a madubin. Ta daɗe sunkuye, tana rufe idon da ya kamata ta buɗe, kafin ta gani.

"Ɗan nan, waɗannan duk nawa ne?"

"Naki ne, Iya."

"To, in ciwo ne, shekara saba'in ina daka da shi." Ta juyo ta harare ni. "Kuma nawa sun fi naki kyau."

Na yi dariya da majina a hanci. Muna isa gida na dama fura na kira Hadiza. Ta ƙi zuwa. Ta laɓe bayan zanen Iya, hannunta a kan kumatunta, tana leƙena. Sai da aka yi kusan wata guda kafin ta sake yarda ta karɓi abu daga hannuna.

Yanzu 'ya'yana a waya suke kallon ƙwayoyin halitta, da launi, suna motsi, ko a jikinsu. Ina murna da hakan, amma ina kewar Iya, wadda ta ja ni muka tunkari abin da ita ma take tsoro. Hadiza tana Magariya da 'ya'yanta huɗu, in na ba ta labarin nan dariya take yi, ta ce ita ba ta tuna komai ba. Ita ta manta da marin, hannuna ne bai manta ba.